Laifin Zare Ne Ko Na Ƙulli?

Jama'a, yanzu da kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, manoma da yawa waɗanda ke zaune kusa da gulbi ko tafki sun koma su. Waɗansu da taru, waɗansu da birgi, waɗansu kuwa da fatsa. Maganarmu ta wannan mako da masu fatsa mu ke yi, da 'yan kasuwan da ke sayar musu da kaya, har da ma'aikatan ofis waɗanda su kan saɓi sanda ran Asabar su nufi bakin ruwa.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanan baya wani manomi mai fatsa a tafkin Tiga ya kawo mini kuka. Ya ce ya sayar da wakensa, ya sayi sabon zaren nan kitsattse wanda ya shigo kasuwa, mai kanti har yana rantse masa babu kifin da zai tsinka shi. Ya zo gida ya ƙulla shi da guntun nailan kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ran da ya fara jefa shi babban kifi ya kama, ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, sai ya ji sanda ta yi sakayau. Ya naɗo zare, ba kifi, ba ƙugiya, ba darma. Kashegari ma haka. Shi dai a ganinsa an cuce shi, an ba shi ruɓaɓɓen kaya.

Na ce ya nuna mini bakin zaren. Da na duba sai na ga lafiya lau ya ke, bai yi gashi ba, bai tsattsage ba, ya dai ɗan kanannaɗe kamar gashin tunkiya. Na ce masa, “Malam, zarenka bai tsinke ba, ƙullinka ne ya zame.” Mai kanti bai yi masa ƙarya ba, sai dai bai gaya masa sauran magana ba, watau sabon zare da sabon ƙulli ya ke tafiya.

Zare Uku, Hali Uku

Kafin mu kai ga ƙulli sai mu san halin abin da za mu ƙulla.

Na fari shi ne nailan mai sili ɗaya, wanda kowa ya sani. Wani masani Ba'amurke, Wallace Carothers, shi da abokan aikinsa a kamfanin DuPont su ne su ka ƙago nailan a 1935, a 1939 kuma a ka fara sayar da zaren fatsa na nailan. Yana da araha, yana da taushi, yana karɓar ƙulli. Babban halinsa shi ne miƙewa: in an ja shi da ƙarfi ya kan ƙara tsawo kamar kashi ɗaya cikin huɗu kafin ya tsinke. Yana shan ruwa kaɗan, rana kuma tana cinsa.

Na biyu shi ne fulorokabon, mu ce masa fuloro don sauƙi. A ido kamar nailan ya ke, amma ba ɗaya ba ne. Kamfanin Kureha na ƙasar Japan ne ya fara fito da shi don fatsa a 1971, da sunan Seaguar. Ya fi nailan tauri da nauyi. In a ka ɗauki nauyin ruwa a kan 1, nailan yana wajen 1.14, fuloro kuwa 1.78, saboda haka ya kan nutse da sauri. Yana jure gugar dutse, rana ba ta cinsa. Abin da a ka fi yabonsa da shi shi ne ɓacewa cikin ruwa. Masana suna da lambar da su ke auna yadda abu ke karkata haske: ta ruwa 1.33, ta fuloro 1.42, ta nailan ta haura 1.5. Tun da tasa ta fi kusa da ta ruwa, kifi bai cika ganinsa ba. Tsadarsa kuwa ba a magana.

Na uku shi ne kitsattsen nan da ya ba abokinmu kunya. Ba sili ɗaya ba ne. Waɗansu zaruruwa ne sirara ƙwarai, waɗanda su ka fi gashin kai siranta, a ke tara su a yi igiyoyi 4 ko 8, sa'an nan inji ya kitsa su kamar kitson kai. Kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da irin wannan zare da sunan Dyneema, a Amurka kuma akwai irinsa mai suna Spectra. A farkon shekarun 1990 ne ya yaɗu a hannun masu fatsa. Ƙarfinsa abin mamaki ne. Kitsattsen da zai ɗauki laba 30 kaurinsa bai wuce na nailan mai laba 8 ba. Ba ya miƙewa sai ɗan abin da ba a rasa ba, don haka ko kifi ya shinshini ƙugiya sai ka ji a hannunka. Ya fi ruwa rashin nauyi, lambarsa 0.97 ce, ya kan yi iyo a sama.

To, ga inda gizo ke saƙar. Zaren nan santsi gare shi kamar an shafa masa kakin zuma. Sa'an nan sirantarsa da ƙarfinsa sun mai da shi tamkar wuƙa. Ƙullin da mu ka gada, wanda a ke zagayawa sau biyu ko uku a ja, an yi shi ne don igiyar rama da nailan, masu cizon junansu. In ka yi wa kitsattse irinsa, ɗayan biyu ne: ko ya sulale ya fita, ko ya shaƙe nailan wuri ɗaya ya yanke shi.

Me Ya Sa Za A Haɗa Su?

Wani zai ce, in haka ne me zai hana a ɗaura ƙugiya a bakin kitsattsen kawai a huta? Ana yi, musamman cikin ruwa mai laka inda tarwaɗa ke kiwo, ita da ba ruwanta da kallon zare. Amma a yawancin wurare ba dabara ba ce. Kitsattse a fili ya ke cikin ruwa mai garau. Kuma duk ƙarfinsa, in ya gogi kaifin dutse yana a miƙe, nan da nan ya ke yin gashi ya rabu. Tafkunanmu da a ka tare, kamar Kainji da a ka gama a 1968 da Tiga a 1974, ruwa ya cinye duwatsu da kututturan itatuwa, a nan kuwa manyan kifi ke fakewa. Giwan ruwa in ya ji ƙugiya can ya ke nufa. Ga bakinsa da kaushi kamar dutsen niƙa, ga marfin kunnensa da kaifi. Kada kuwa a raina girman abin da ke cikin ruwanmu: a bikin kamun kifi na Argungu na 2005, kifin da ya zo na ɗaya kilo 75 ne, ko da ya ke da homa a ka kama shi, ba da fatsa ba.

Saboda haka a ke cika injin naɗi da kitsattse, shi ne uwar zare, sa'an nan a ƙulla masa nailan ko fuloro mai kauri, tsawon kamu biyu zuwa huɗu, a bakinsa a ɗaura ƙugiya. Wannan guntu mu kira shi zaren gaba. Shi ke shan gugar dutse da ta bakin kifi, shi ke ɓoye wa kifi uwar zare, ɗan miƙewarsa kuma shi ke rage fizgar farko. In ƙugiya ta maƙale a kututture, shi ya kamata ya tsinke, ka yi hasarar kamu biyu maimakon zaren da ka sayar da wake ka saya.

Akwai kuma wuri na biyu da haɗin ke da amfani, mutane da yawa ba su lura da shi ba. In ka naɗa kitsattse kai tsaye a jikin ƙwarƙwaron inji, ran da babban kifi ya ja sai zaren duka ya riƙa juyawa a kan ƙarfen, kana murɗa hannu ba abin da ke zuwa. Maganinsa shi ne ka fara naɗa nailan kaɗan a ƙasa, sa'an nan ka ƙulla kitsattse a kansa.

Ƙullin Tagwaye

Wannan shi ne na farkon koyo. Turawa suna ce masa Yuni biyu. Ƙulli ɗaya ne a ke yi sau biyu, ko wane zare ya rungumi ɗan'uwansa. Wani marubucin labarin fatsa a Fulorida ta Amurka, Vic Dunaway, shi ya yaɗa shi cikin shekarun 1970.

Ka jera bakunan zaren biyu su wuce juna kamar taƙi ɗaya da rabi, ɗaya ya dubi dama, ɗaya ya dubi hagu. Ka kama bakin nailan ka komo da shi baya ya yi zobe a gefen zaren biyu. Sai ka riƙa zura bakin ta cikin zoben, kana naɗe zaren biyu tare, sau 4 ko 5. Ka ja bakin a hankali har naɗin ya taru, amma kada ka matse tukuna. Ka juya ka yi haka nan da bakin kitsattse, sai dai shi sau 8 zuwa 10 za ka naɗa, saboda santsinsa. Yanzu kana da ƙulli biyu da ɗan fili a tsakaninsu. Ka jiƙa su da yawu ko ruwa, ka kama dogayen zaren biyu ka ja. Tagwayen za su taho su yi karo, ko wanne ya tokare ɗan'uwansa. Ka matse sosai, ka yanke saura.

Kyansa shi ne ana iya yinsa cikin kwalekwale, iska na kaɗawa, ko da asuba lokacin hunturu sa'ad da yatsu su ka ƙage. Aibinsa biyu. Yana da kumburi, in ya bi ta cikin ƙawanyun da ke jikin sanda sai ka ji ƙat, ƙat, kullum yana cin duka har ya raunana. Don haka mai yin sa ya gajarta zaren gaba, yadda ƙullin zai tsaya waje da bakin sanda lokacin jifa. Na biyu, ba ya son zaren gaba mai kauri ƙwarai, don nailan mai kauri ba ya yarda ya naɗu lumui. In kitsattsenka siriri ne ainun, ka ninka bakinsa biyu kafin ka fara, ya fi kamawa kuma ba ya saurin yanka.

Ƙullin Olbirait Da Ƙanensa

In zaren gaba ya fi uwar zare kauri nesa, to, ga nasa. An sa masa sunan Jimmie Albright, wani mai kai baƙi fatsa a tsibiran Fulorida. Hikimarsa ita ce, mai kaurin ba ya yin komi sai ninkuwa sau ɗaya, siririn ke yin aikin duka.

Ka ninka bakin zaren gaba, tsawon yatsa, ka riƙe. Ka zura kitsattse ta cikin ninkin, ka jawo kamar taƙi ɗaya da rabi, ka kwantar da shi a jikin ƙafafun ninkin biyu. Ka danne da yatsa a ƙasa, sa'an nan ka fara naɗe zaren uku duka, kana komowa wajen kan ninkin, sau 12 ko fiye. Naɗin ya jeru daki-daki, kada wani ya hau wani. In ka iso, ka zura bakin ta cikin ninkin. Ga wurin da a ke faɗuwa, a kasa kunne: lalle ne bakin ya fita ta gefen da zaren ya shigo tun farko, su biyu su kwanta tare. In ya fita ta ɗaya gefen, ƙullin zai yi kyau a ido, amma da kifi ya ja sai ya warware. Ka jiƙa, ka tura naɗin a hankali zuwa kan ninkin, ka kula kada ya zarce ya faɗo, sa'an nan ka ja zaren huɗu, daga baya ka ja dogayen biyu kaɗai.

Da kitsattse ya zo, sai a ka ga Olbirait ya kan zame wani lokaci. Wani mai fatsa a Amurka, Alberto Knie, ya yi masa gyara, har a ke kiran gyararren da sunansa. Bambancin kaɗan ne. Da ka zura kitsattse cikin ninki, nan take za ka fara naɗi, kana gangarawa ƙasa sau 7, sa'an nan ka juyo kana hawa kan naɗin farko sau 7, ka fita ta inda ka shigo. Naɗin sama ya danne na ƙasa ke nan. Ni dai a ganina, wannan shi ne ƙullin yau da kullum ga mai fatsar da ke neman na miya da na kasuwa. Bai kai tagwaye kumburi ba, kuma wanda hannunsa ya saba ba ya cin minti biyu.

Ga masu zuwa inda tsage ya ke, a sani haƙoransa ba su san fuloro ba, ba su san nailan ba. Sai an sa guntuwar waya mai laushi a gaban ƙugiya. Olbirait yana haɗa waya da zare, wayar ce za a ninka.

Ƙullin FG

Yanzu mun zo kan babban yaya. Daga Japan ya fito, wurin masu farautar manyan kifin teku, kuma a yawancin gwajin da masu fatsa ke yi da ma'auni shi ke zuwa gaba. In an bi ta gaskiya ma ba ƙulli ba ne, kitso ne. Zaren gaba ba ya ninkuwa, ba ya lanƙwasa, a miƙe ya ke sambal. Kitsattse ne ke saƙuwa a jikinsa, kamar yadda baduku ke kitsa fata a jikin bulala. Duk sa'ad da a ka ja, saƙar sai ta ƙara tsukewa, kamar mesa ta naɗe akuya. Santsin nan da sirantar nan da su ka ɓata wa abokinmu ƙulli, a nan su ne su ka zama amfani, don siririn zare shi ke iya nutsa cikin fatar nailan ya yi wa kansa gurbi.

Sharaɗin farko, uwar zare ta kasance a miƙe tsam tun daga fari har ƙarshe. Ka jingina sanda nesa da kai kaɗan, ka danne gindinta, ka kama bakin kitsattse da haƙori, ko ka ɗaura shi a maɓallin riga, yadda nauyin sanda zai miƙe shi. Ka ɗora bakin zaren gaba a gicciye bisa kitsattsen, ka bar kamar taƙi ɗaya ya wuce. Ka kama wannan bakin ka zagaya da shi ƙarƙashin kitsattse ta wajen sanda, ka miƙe shi. Ka sake zagayawa ta wajen jikinka, ka miƙe shi. Ɗaya can, ɗaya nan, ɗaya can, ɗaya nan. Ko da ya ke nailan ka ke juyawa, in ka duba za ka ga kitsattsen ne ke hawa jikinsa yana gicciye kansa. Ka yi haka sau 16 zuwa 20, kana tura saƙar da farce tana matsuwa.

In ka gama, ka danne ƙarshen saƙar da yatsa biyu, ka saki bakin da ke haƙorinka. Da wannan bakin za ka yi ɗan ɗauri: ka zagaye nailan da uwar zare tare, ka zura bakin cikin zoben da ya samu, ka ja. Ka yi sau biyu. Sa'an nan sai aikin da ya fi duka muhimmanci. Ka naɗa uwar zare a jikin guntun itace, zaren gaba a jikin wani, ka jiƙa, ka ja da ƙarfin gaske. Ka zuba ido: launin saƙar zai sake, ya yi duhu kamar rigar da ta jiƙe, tun daga wannan kai har wancan. In rabi ya sake rabi bai sake ba, bai ciza ba, ka ƙara ja. In ya sulale, ka gode Allah da ya sulale a hannunka, ka sake sabo. Bayan ya ciza ka yanke sauran nailan dab da ɗaurin, ka ƙara ɗan ɗauri 4 ko 6 a kan uwar zare kaɗai, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, don su rufe kan nailan ɗin. Ka yanke saura.

Abin da za ka samu siriri ne, da ƙyar ya fi zaren gaba kauri, yana wuce ƙawanyun sanda sumul. Saboda haka kana iya sa zaren gaba mai tsawo yadda ka ke so. Amma kada in ɓoye muku, yana da wuyar koyo, goman farko duk za su zame. Ba ya kuma kamawa in zaren gaba siriri ne kamar uwar zare, sai ya fi ta kauri. Ga shi ba ya son gaggawa. Wanda ya ce sai ya shiga jirgi, igiyar ruwa na jijjiga shi, sa'an nan zai koya, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya. A gida a ke ƙulla shi da dare, in ya tsinke a ruwa a koma wa tagwaye ko Alberto.

Mai son ya guje wa wannan duka yana iya sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa, mai ido biyu, ya ɗaura ko wane zare a idonsa. Yana aiki, yana kuma hana zare murɗewa. Sai dai ƙulli biyu ke nan maimakon ɗaya, kuma in ka manta ka naɗo shi ya bugi ƙawanyar bakin sanda, ya kan fasa ta, fasasshiyar ƙawanya kuwa ita ke cin kitsattse a ɓoye.

Abin Da Ke Kashe Ƙulli

Ko wanne ka zaɓa, kada ka ja shi a bushe. Guga tana kawo zafi, zaren nan kuwa duk dangin roba ne. Kitsattse yana narkewa wajen digiri 150, fuloro wajen 170, nailan sai ya haura 200, amma tun kafin su narke sun riga sun raunana. Fuloro ya fi kowa fushi da busasshen ja. Ka ja a hankali, ja ɗaya mai ɗorewa, ba fizga ba.

Kada kuma ka ja kitsattse da hannu tsirara. Ya kan yanka har ƙashi. Guntun itace ko tsumma mai kauri ya isa. Saboda wannan dalili, masu fatsar hannu, waɗanda ba su aiki da sanda, su tsaya ga nailansu. Babban kifi ya fizgi kitsattse yana naɗe a yatsa, ba ƙaramar hasara za a yi ba, ga shi da hannun nan za a riƙe fartanya in damina ta faɗi.

In zare ya rabu, kada ka yi saurin sake ɗauri, ka karanta bakinsa tukuna. In ya kanannaɗe, ƙulli ne ya zame, naɗinka ya yi kaɗan ko ba ka matse ba. In ya yanke ƙat daidai wurin ƙulli, naɗi ya hau naɗi ko an ja shi a bushe. In ya yi kaushi ko gashi, dutse ne, sai a ƙara wa zaren gaba tsawo ko kauri. Ka riƙa shafa zaren gaba da yatsa bayan ko wane babban kifi. In ka ga wani ɗan ƙulli ya ɗauru da kansa a tsakiyar zare, kada ka ƙyale shi don ƙanƙantarsa, yana iya cinye kusan rabin ƙarfin zaren. Birkin inji kuma a sassauta shi, ya riƙa sakin zare in ja ya kai kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na ƙarfin zaren, tun da kitsattse ba ya miƙewa balle ya yi maka afuwa.

Sai an gwada a kan san na ƙwarai, gwajin kuwa ba ya bukatar kuɗi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ka ɗaura uwar zare a reshe, zaren gaba a hannun bokiti, ka naɗa ko wanne sau da yawa don kada ya yanke a can. Ka riƙa zuba ruwa da gwangwanin lita kana ƙirgawa har ya tsinke, ka kau da fuskarka. Ka yi wa ko wane ƙulli sau uku. Wanda ya fi ɗaukar ruwa a hannunka, ba a hannun wani ba, shi ne naka.

Ga 'Yan Kasuwa

Ku ma kuna da rabo cikin maganar nan, don mutumin da ƙullinsa ya zame kantinku zai zaga, ba hannunsa ba. Lambar da ke jikin kwali, in an rubuta lb, laba ke nan, laba ɗaya kuwa giram 454 ce. Zare mai laba 20 yana ɗaukar kilo 9, mai 30 kilo 13 da rabi, mai 50 ya kusa kilo 23. In kun ga PE da lamba a gabansa, wannan awon Japan ne, kauri ya ke nunawa, ba ƙarfi ba. Akwai kuma nailan da a ke yi wa shafen fuloro a baya kawai. Ba laifi gare shi ba in an sayar da shi a kan kuɗinsa, amma ku duba ko an rubuta 100% kafin ku biya kuɗin fuloro. Kada a gwada shi da wuta, hayaƙin fuloro guba ne. Nailan kuma kada a shanya shi a rana bisa tebur, a ajiye shi a inuwa. Ku ajiye ƙananan almakashi masu kaifi kusa da zaren, don reza mai dakushi da abin yanke farce tauna kitsattse su ke yi, ba su yanka shi. Wanda ya koyi ƙullin tagwaye ya riƙa nuna wa mai saye nan take a bakin kanti, ba zai rasa ciniki ba.

Saura abu ɗaya da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe ƙugiya ba. Zaren nan uku ba su ruɓewa kamar rama. Guntun da a ka yar a bakin mashaya yana nan shekara da shekaru, ya naɗe ƙafar akuya ko ta saniya ya ci nama, ya shaƙe agwagwa da balbela. A tara guntayen cikin aljihu a koma da su gida, a daddatsa su ƙanana a binne.

Abokinmu na Tiga kuwa, na zaunar da shi a gindin mangwaro da guntun zare biyu da bokiti. Ƙullinsa na da ya zame tun ruwa bai kai lita 4 ba. Tagwayen da ya yi na uku sai da bokiti ya kusa cika. FG dai ya ce a bar shi tukuna, sai ya sami tabarau.